Muciyar Bude Mirah

Ƙanwata Lintang an jefar da ita tun cibiyarta ba ta gama warkewa ba, kuma ni har na yi furfura ban daina jin haushin cewa ba ni aka jefar ba.

Laifin ranar haihuwarta ne. Alhamis ta zo duniya, Alhamis ɗin da ta faɗo kan Legi, ɗaya daga cikin ranakun kasuwa biyar da ke zagayowa a wajenmu, daidai irin ranar da aka haifi Bapak, mahaifinmu. A unguwarmu a Klaten ko yaro ya san abin da hakan ke nufi. Uba da 'ya masu rana ɗaya ba sa zama lafiya a gida ɗaya, ko su yi ta faɗa, ko ɗayansu ya yi ta ciwo. Maganin kuwa sananne ne. A ɗora jaririyar a faifai, uwa ta kai ta ƙofar wani gida da aka riga aka yi magana da shi, ta ajiye ta tafi. Matar gidan ta fito ta tsince ta, 'ya ta zama tata. Daga nan sai ta ba iyayen aronta su rene ta, har ranar da za su zo fansa.

Ina 'yar shekara huɗu a lokacin, an rufe ni a ɗaki da kakarmu don kada in bi su in ɓata abin, saboda haka ban ga komai ba. Sai da na yi wayo na gane irin cutar da aka yi min. Ga gidan mai gyaran keke, ga gidan malamin makaranta mai bulala, ga gidan tsohuwar da ke sayar da busasshen kifi. Duk aka tsallake su, aka je aka ajiye yarinyar nan a ƙofar shagon askirim.

Bude Mirah ce mai shagon. Mijinta ya rasu tun kafin a haife ni, Allah bai ba su haihuwa ba, ya bar mata ɗaki ɗaya a layin da ke zuwa tashar jirgi, da tebura uku masu saman dutse, da fanka mai gurnani, da tagogi masu koren fenti. Yanzu manyan motoci ke bi ta wurin, ko tubali ɗaya bai rage ba, amma ni in na rufe ido har ƙamshin nake ji. Kowace safiya mai keke yakan kawo mata ƙaton dutsen ƙanƙara a binne cikin ɓuntun shinkafa. Ta farfasa shi, ta cusa cikin gangar katako kewaye da wata doguwar tukunyar ƙarfe, ta watsa gishiri mai tsakuwa, ta zuba madarar kwakwa da ta dafa da ganyen pandan mai ƙamshi, sannan ta zauna a kujera 'yar tsugune ta yi ta juya tukunyar. Damatsanta sun fi na Bapak kauri. Jefi-jefi takan buɗe murfin ta kankare gefen tukunyar da wata muciya mai faɗi wadda tsufa ya mai da baƙa. Idan abu ya kama sai ta zaro muciyar, ta fito a lulluɓe, fara sol, tana hayaƙin sanyi.

Abin da ke kan muciya ba na sayarwa ba ne. Na ɗan gida ne, haka ta tarar surukarta tana yi. Shekara da shekaru ba ɗa a gidan, sai ta riƙa wanke shi a bayan shago tururuwa su yi biki. Kwatsam sai ga Lintang a faifai.

Akwai labulen gora tsakanin inda masu saye ke zama da inda ake aikin, kuma mu yaran unguwa iyakarmu bakin labulen nan. Lintang kuwa tun tana rarrafe take ratsa shi. Mu Bude muke cewa, yadda ake kiran kowace babbar mace a layin. Ita Ibu Mirah take cewa, uwa ke nan sak. Tana da buhun gishirin da take zama a kai, tana da kofinta na gilashi, ja, mai ƙafa, wanda ko ɗan hakimi ya zo ba a zuba masa a ciki. Duk lokacin da ranarta ta zagayo, Bude takan yi na fiya da mazarƙwailar kwakwa, duk garin ya san yau ranar Lintang ce. Ni kuwa sai da Sallah, ko in na ci jarrabawa, Bapak ya kai ni ya saya min ludayi ɗaya a tsakiyar burodi, in zauna a tebur kamar baƙuwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yarinyar ba ta da rowa. Da tana min yanga da na sami dalilin mintsininta. Sai dai ta lashe gefe ɗaya na muciyar, ta turo min hannu ta cikin labule tana kirana Mbak, wato yaya.

"Mbak Wening, ga gefenki. Wallahi ban taɓa shi ba."

"Na yi miki kama da kyanwa? Ni za ki bar wa ragowa?"

"To in shanye?"

"Kawo nan, tunda narkewa zai yi."

Ina lasa ina hararar ta. Daɗinsa ma haushi yake ba ni, domin ya fi wanda ake sayarwa nesa ba kusa ba. Yaran layin sukan yi mata waƙa, 'yar tsintuwa, 'yar faifai, ni kuma in bi su da jifa. Kowa ya ɗauka kare ƙanwata nake yi, alhali haushin tuna min da suke yi ne.

Wata rana na sami Ibu, mahaifiyarmu, tana ƙunsa shinkafa a ganyen ayaba, wadda take sayar wa masu jiran jirgi. Tana da wani ɗan farin tabo a leɓenta na ƙasa, wanda ta ce mana ƙofa ce ta taɓa buge ta, kuma in tana aiki takan riƙa shafa shi da harshe.

Na ce, "Ibu, ni me ya sa ba ku jefar da ni ba?"

Ta yi dariya har ganyen ya suɓuce mata. "Ji min 'yar nan. Ke ranarki mai lafiya ce, Nduk, 'yata, ba ta faɗa da ta kowa. A kan me zan jefar da ke?"

"Ranar tawa ba ta da amfani ke nan."

"Miƙo min tsinke."

Ina 'yar shekara tara na yanke shawarar jefar da kaina. Lokacin hutun makaranta ne. Gari na wayewa na ɗauki faifan da ya fi girma a madafinmu, na tsallaka layi, na ajiye shi a ƙofar shagon, na hau na tanƙwashe ƙafa. Gwiwoyina sun yi masa yawa, amma na daure. Mai keken ƙanƙara ya iso ya dube ni, ya dubi sama, ya sauke kayansa a gefe ya yi gaba. Can Bude ta zare sakata.

"Wannan kuma wane irin kaya ne aka kawo min ban aika a sayo ba?"

"Jefar da ni aka yi, Bude."

"Wa ya jefar da ke?"

"Ni."

Ita kaɗai ce a duk labarin nan ba ta yi min dariya ba. Ta tsuguna har gwiwoyinta suka yi ƙara, ta ce, "Kina da mai ke, Nduk. In na ɗauke ki yanzu sata na yi. Sai uwarki ta kawo ki da hannunta, ta ajiye, ta tafi har ta sha kwanar mangwaron can ba ta waiwaya ba. In ta waiwaya ko sau ɗaya, abin ya ɓaci."

"In ba ta waiwaya ba za ki ɗauke ni?"

"Zan ɗauke ki."

"Har da muciya?"

"Yau ke, gobe ƙanwarki."

Na ruga gida na maƙale wa Ibu. Ta shiga madafi na bi ta, ta je rijiya na bi ta, ta ce zan sa ta hauka na ce ai ba wuya, 'yar tafiya ce kawai. Wajen hantsi ta gaji, ta goge hannu a zaninta ta ce mu je a rabu da magana. Kafin mu isa mai keke ya riga ya baza labari. Mai gyaran keke ya ajiye tayarsa, mata masu dawowa daga kasuwa suka sauke kwandunansu, yara suka hau katanga. Bude ta ɗage labulen gora, ga Lintang a kan buhun gishirinta da muciya a hannu.

Ibu ta zaunar da ni a faifan, ta shafa kaina, ta juya. Tsakanin ƙofar da mangwaron ba wani nisa ba ne. Na ƙura wa bayanta ido ina addu'ar da ban taɓa yin irinta a masallaci ba. Ta wuce mai gyaran keke, ta wuce famfo, inuwar mangwaron har ta taɓa kafaɗarta. Sai ta waiwayo.

Layin ya kece da dariya. Na ce ban yarda ba, a sake. Aka sake. A karo na biyu ko famfon ba ta kai ba. Bude ta girgiza kai, ta buɗe min tafukan hannunta, wato ba yadda za ta yi.

Na miƙe a kan faifan ina kuka, na ce da ƙarfi yadda har 'yan tasha za su ji, "Lokacin Lintang ai ba ki waiwaya ba! Ita kin iya yi mata, ni ce ba za ki iya yi wa ba?"

Dariyar ta mutu. Matan suka fara ɗaukar kwandunansu. Ibu ta zo ta janye faifan daga ƙarƙashina ta ce in wuce mu tafi. Da na juya na ga Lintang ba ta lashi muciyar ba, askirim ɗin yana bin hannunta har gwiwar hannu yana ɗiga a buhu. Abin da ya zo min a rai kawai shi ne dubi asara. Na yi kwanaki ba na yi wa Ibu magana, in ta kira ni sai in amsa wa bango.

Haka muka girma, ita a bayan labule, ni a gabansa. Na daina karɓar gefen muciyar, na ce na girma, amma in zan wuce shagon da hantsi sai na riƙe numfashi don kada ƙamshin ya same ni.

Lintang ta zama budurwa, wata rana da yamma ina yi mata kitso a bayan gida, ta sunkuyar da kai, sai na ji ta ce, "Mbak, kin san ina kishinki?"

"A kan me? Kurajen fuskata?"

"Ke Ibu ta waiwaya. Har sau biyu."

Na tsaya da gashinta a hannuna.

"Ni ina jaririya, ko idona bai gama buɗewa ba, ta ajiye ni a ƙasa ta yi tafiyarta. Ke kuwa da wasa ma ta kasa. Da ana musaya da na ba ki muciyar, da kofin, da buhun gishirin, ki ba ni ɗaya daga cikin biyun."

Na ce, "Daina motsi, Dik, ƙanwata, za ki ɓata min layi."

Da wata yayar ce da ta rarrashe ta. Ni daɗi na ji, irin daɗin da ke sauka har yatsun ƙafa. Ashe duk shekarun nan ina da abin da 'yar gatan nan ba ta da shi, ban sani ba. Daga ranar na zama mai dukiya. Da ta ci jarrabawar makarantar jinya ni kuma na zauna ƙunsa shinkafa, da samari suka fara zarya a layinmu suna tambayar wace ce farar, da Bapak ya saya mata agogo, nakan ɗauko waiwayen nan in duba shi, kamar mai duba ɗan kunnen zinariya a ƙasan akwati, in mayar in rufe. In ce a raina, ta je can da muciyarta.

Ina da goyo lokacin da aka sa ranar aurenta da wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Gunadi. Ba a aurar da 'yar da ba a fanso ba, domin har yanzu a al'ada ta Bude ce. A watan ne kuma masu faɗaɗa hanya suka zo suka shafa jan fenti a bangon shagon. Bude ta ce dama hannuwanta sun gaji, za ta koma ƙauye wajen ƙanenta. Sai aka haɗa abin biyu, ranar fansa ta zama ranar da za ta juya tukunya ta ƙarshe.

Muka je da turmin atamfar batik, da kwandon shinkafa, da kwakwa, da kaza. An riga an sayar da tebura biyu da fankar, saura tebur ɗaya, muka kewaye shi. An cire labulen gora ma, a karon farko na ga bayan shagon ba ta tsakanin sanduna ba, ashe wuri ne ɗan ƙarami mai danshi. Bude tana zaune tana juyi, tana hutawa tana ci gaba.

Bapak ya gyara murya ya ce, "Mun zo karɓar abin da muka yar."

"Kun yar kuma ku dawo nema? Ni na tsinta, na yi mata ƙiba, yanzu ku zo min da wannan kazar?" Ta ɗaga kazar ta juya ta. "Wannan ai azumi take yi."

"Tsufa ne, Bude, ba yunwa ba."

"To mun yi daidai da ita. Na karɓa."

Aka yi dariya. Ta goge hannu, ta kama hannun Lintang ta ɗora a cikin na Ibu, ta ce ga 'yarki nan na mayar miki lafiya lau. A nan ya kamata a shafa fatiha a sha askirim. Amma Lintang ba ta saki hannun Bude ba, kuma ba ta dubi kowa ba sai Ibu.

"Kafin in dawo, Ibu, tambaya ɗaya. Me ya sa ba ki waiwaya ba?"

Harshen Ibu ya koma kan tabon. Ni kuwa na gyara goyona, na ji zuciyata ta yi fari, domin na san amsar, kuma amsar tawa ce.

Bude ce ta yi magana. "Ba ta taɓa gaya miki ba? Ni ina bayan tagar nan ina leƙe. Tana ajiye ki kika callara kuka, irin kukan da ke sa nono zuba. Ga karen mai gyaran keke yana shinshinar faifan. Ta ji shi sarai yana haushi. Na ga wuyanta yana rawa kamar ana ja da igiya, amma ta san in ta juya maganin ya ɓaci, ciwon ya faɗa kanki ko kan ubanki. Da na ɗauke ki na bi ta bayan mangwaro, na tarar gaban rigarta jina-jina. Leɓenta ta cije har haƙori ya ratsa."

"Ba ƙofa ba ce?" in ji Lintang.

"Wace ƙofa," in ji Bapak. "Ni na kai ta aka ɗinke."

Lintang ta faɗa jikin Ibu tana kuka kamar yau aka ajiye ta. Ibu ma kuka, Bapak ya juya yana duban jan fentin bango. Na jira su lafa, ban iya jira sosai ba.

"To ni fa, Ibu? Ni ai kin waiwaya."

Ta ɗago tana share hawaye da gefen zani, sai dariya ta kama ta a cikin kukan. "Ke ai wasa ne, Nduk. Na tuna yadda gwiwoyinki suka yi wa faifan yawa, na kasa daurewa, na ce sai na sake gani."

"Na biyun fa?"

"Faifan na aro ne. Na ji ya yi ƙara, na ce kada ki fasa wa mutane abu."

Kowa ya yi dariya har da Lintang da hawayenta. Ni ma na buɗe baki na nuna haƙora. Abin da na ajiye shekara da shekaru a ƙasan akwati ke nan, faifan aro. Ita aka ba uwa biyu, ita aka ba muciya, ashe jinin ma ita aka zubar wa.

Bude ta buɗe murfin tukunyar, ta kankare gefe, ta zaro muciyar. Na fiya ne da mazarƙwaila, kore-kore, yana hayaƙi. Ta riƙe ta a sama tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"To, yau ba ɗa a gidan nan. Wannan ba ta da mai ita."

Ban san lokacin da na mayar da goyona ɗaya kafaɗar ba, na dai ga hannuna na dama ya tashi. Mace da aurenta da ɗanta, hannu a sama kamar 'yar makaranta. Idon Bude ya zo kaina, ya ɗan tsaya, ya wuce. Ta miƙa wa Ibu.

"Ke kika ba ni 'ya, ni ban taɓa ba ki komai ba. Ungo."

Ibu ta karɓa da hannu biyu. Ta lashi gefe ɗaya a hankali, sanyin ya sa farin tabon ya ƙara fitowa. Saura gefe ɗaya, gefen da tun ina yarinya ake ce min nawa ne. Ina tsaye daf da bayanta, numfashina yana taɓa gashin ƙeyarta, hannuna bai gama sauka ba. Ta juya muciyar, ta tallafi haɓar Lintang, ta kai mata baki. Ba ta waiwayo ba.